Jirgin Baba Marar Fukafukai

Shekaru sun ja, kuma na lura ƙwaƙwalwata ta fara zaɓen abin da za ta riƙe da wanda za ta saki ba tare da ta nemi izinina ba. Amma akwai abu guda da na tabbata ba za ta saki ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina, wato abin da ya shiga tsakanina da wani aminina a kan wani ɗan jirgin roba wanda faɗinsa bai wuce na faifai ba. A littafin rajistata layi huɗu kawai na ba shi, kamar yadda nake ba komai. Sai dai layi huɗu ba su ɗauke shi ba, shi ya sa nake so in ba da shi a nan da cikarsa.

Ni mutumin Kano ne. Na yi kusan shekara talatin ina aiki a sashen ajiye bayanan marasa lafiya na wani asibiti a Manchester, kuma aikin nan ya shiga jikina. A fayil ɗin majiyyaci ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba, domin layi ɗaya na son zuciya yana iya sa a ba bawan Allah maganin da zai cutar da shi. Da na yi ritaya sai hawan jini ya taso mini, likitata ta ce in nemi abin da zai ba hannuna aiki ya bar zuciyata ta huta. Ta haka na faɗa cikin harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. A kwali ake sayar da su, gutsattsari ne birjik tare da takardar da ke nuna inda kowanne zai zauna. Mutum ya yanke su da reza, ya goge bakinsu, ya manna da gam, sannan ya bi da fenti da ɗan siririn burushi. Ɗakin da 'yarmu ta bari a gidanmu na Old Trafford bayan ta yi aure shi ya zama wurin aikina.

Kowane jirgi na gama sai na shigar da shi rajista: lambarsa, sunansa, inda ya yi yaƙi, da littafin da na samo launinsa. Kuma na kafa wa kaina doka tun farko, cewa ba zan harhaɗa jirgin da ban ga shaidar ya taɓa wanzuwa ba. Dokar tana da dalili. A cikin wannan sha'awa tamu akwai wani rukuni da ake kira jiragen sirri, waɗanda aka ce Jamusawa sun ƙera a ɓoye gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu daga cikinsu an zana su a takarda amma ba a ƙera ba, waɗannan da sauƙi. Wasu kuwa ko a takarda ba a san su ba sai bayan yaƙin da shekaru masu yawa, lokacin da wasu masu neman a ji su suka ƙago labarinsu. Duk da haka za ka ga an zana su a bayan kwali suna luguden wuta a sararin sama, an rubuta musu gudu da nisan tashi kamar wani ya auna. Duk lokacin da na wuce su a kanti sai na ji raina ya ɓaci.

Aminin nawa Bahaushen Gana ne, haifaffen zangon Kumasi, direban bas da shi ma ya yi ritaya. Maƙwabcina ne a shekarun farko da na zo ƙasar nan, kuma shi ya koya mini yadda ake zama a cikinta, daga kunna na'urar ɗumama ɗaki har zuwa yadda ake magana da mutanen council, wato hukumar gari, ba tare da mutum ya zubar da girmansa ba. Daga baya ya koma Birmingham, unguwar Sparkhill, amma zumuncin bai yanke ba. Ni ina ce masa Alhaji, in ina so in tsokane shi in ce Direba. Shi kuwa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Akawu.

Wata Asabar da hantsi ya iso gidana da leda a hannu, ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya zaro wani kwali ya ɗora a kan teburin cin abinci. Zanen da ke jikinsa wani abu ne mai zagaye kamar murfin tukunya, ba fiffike ba wutsiya, da ɗan ƙoƙo a tsakiya, da bindigogi a ƙasa. Na san shi sarai. Shi ne shugaban maƙaryatan kantin.

"Akawu, na samo shi," in ji shi.

"Ka samo me?"

"Jirgin Baba."

Sai ya zauna ya ba ni labari. Yana yaro, mahaifinsu ya sha gaya musu cewa a lokacin yaƙi ya yi wa Turawa aiki, har ya tura wani jirgin sama da hannunsa wanda ba shi da fukafukai, kuma jirgin ya tashi. Ya ce ya taɓa maimaita zancen a makaranta, yara suka yi masa dariyar da bai manta ba, daga nan bai ƙara faɗa wa kowa ba. Sai ga shi bayan shekara sittin yana wucewa ta gaban wani kanti a Birmingham ya hangi kwalin nan ta gilashi, ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Abin da yake so shi ne in harhaɗa masa shi, in ɗora a teburin ƙungiyarmu ta masu harhaɗa jirage a baje kolin ƙananan jirage da za a yi a Birmingham bayan wata biyu da rabi, in rubuta masa kati irin wanda nake rubuta wa nawa, a ciki a ce mahaifinsa ya ga jirgin da idonsa. Ya riga ya gaya wa jikokinsa. Babbar cikinsu, wata yarinya mai kaifin baki, ta taɓa dawowa daga makaranta ta ce masa yaƙin nan na Turawa ne, babu ruwan baƙar fata a ciki, kuma maganar ta tsaya masa a wuya.

Me zan ce? A wurinmu ba a duban idon mutum a ce masa zancen mahaifinsa da ya rasu ba haka yake ba. Na ce, "Allah ya jiƙan Baba," ya ce amin, na karɓi kwalin. A bakina addu'a ce, amma a zuciyata na riga na yanke wa tsohon hukunci: dattijo ne mai daɗin baki da ya samu yara a tsakar gida ya ƙara wa labari gishiri. Wannan hukunci na yanke shi ne kafin in yi tambaya ko guda ɗaya, kuma a lokacin ban ga aibinsa ba.

Na harhaɗa abin, kuma ba zan ɓoye ba, na yi masa aiki mai kyau, domin ban iya aikin ganin dama ba. Amma kowace safiya da fushi nake zama a gabansa. Na je babban ɗakin karatu na gari har sau uku, na bi littattafan da na yarda da su, ban samu hoto ɗaya ba, ko sunan matuƙi, ko na masana'anta. Na zauna na rubuta wa kamfanin da ya yi kwalin wasiƙa mai shafi uku, na jera musu hujjojina da lamba, na tambaye su da wane ido za su dubi yaron da ya karanta bayan kwalinsu ya ɗauka tarihi ne. Na ajiye kwafi a fayil. Suka amsa da layi biyar, suna godiya da sha'awar da na nuna, suna cewa an yi kayan ne don nishaɗi. Nishaɗi. Na karanta wa matata amsar sau biyu a tsaye.

Tana yankan albasa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ka faɗa wa kamfani, ka faɗa wa ma'aikaciyar ɗakin karatu, ni kuma kullum da shi nake karyawa. Shi mai jirgin fa, yaushe za ka faɗa masa?"

Na ce lokaci bai yi ba. Gaskiyar ita ce ina jin nauyi, kuma ina fatan wani abu zai faru ya ɗauke mini.

Ba abin da ya faru. Saura mako biyu baje kolin na shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham da faifan nan a cikin akwati, da fayil ɗina a jaka. Hajiya, matar Alhaji, ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo irin tasu ta Gana, muka ci muka yi hamdala. Da na buɗe akwatin Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ƙi taɓawa sai da ya goge hannu. Sannan ya miƙo mini wata takarda da 'yarsa ta buga masa da Turanci, abin da yake so a sa a katin. Jimla ta farko ta ce wannan jirgin sirri ne da ya yi aiki a lokacin yaƙi. Ta biyu ta ce mahaifin mai shi ya gan shi, ya kuma tura shi da hannunsa. A ƙasa an bar gurbin sunana a matsayin wanda ya harhaɗa ya kuma bincika.

Kalmar binciken nan ce ta kwance abin da na ɗaure wata biyu. Na zaro fayil na baje a kan tebur, a gaban Hajiya da 'yarsu.

"Alhaji, jirgin nan bai taɓa wanzuwa ba. Ba a ƙera shi ba, bai tashi ba, ba wanda ya gan shi. Tatsuniya ce aka sa a kwali. Ga wasiƙar masu yin sa, su da kansu ba su iya kare shi ba."

Ya dubi takardun, bai ɗauki ko ɗaya ba. "To, Baba ƙarya ya yi ke nan."

"Ban ce haka ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan sa sunana a ƙarƙashin abin da na san ba gaskiya ba ne. Shekara talatin ban yi ba, ba zan fara a kan roba ba."

"Wata biyu abin nan yana hannunka," in ji shi a hankali. "Kullum muna waya, kana ce mini aiki yana tafiya. Sai yau, a gaban iyalina, bayan ka ci tuwona."

Hajiya ta tattara kwanuka ta fita, 'yar ta bi ta. A kan wannan shi ke da gaskiya. Da na tashi tafiya ya yi mini rakiya, don shi mutum ne da ba ya barin baƙo ya fita shi kaɗai ko da sun yi faɗa. Amma a duk zuwan da nake yi har tashar jirgin ƙasa yake kai ni, mu tsaya muna gardama sai an kusa rufe ƙofa. Ranar nan a bakin titin Stratford Road ya tsaya, ya miƙo mini hannu ya ce, "Sauka lafiya, Malam." Tun da muka san juna bai taɓa ce mini Malam ba. Na zauna a jirgi har Manchester ina jujjuya kalmar nan, na kuma gane cewa abotar shekara talatin da wani abu tana gab da zama gaisuwar salla.

Da na iso gida na ba matata labari, ina jiran ta ce na kyauta da na tsaya a kan gaskiya. Sai ta tambaye ni, "Shi Baban, a ina ya ga jirgin?"

Na ce ban sani ba.

"Wane aiki yake yi wa Turawan?"

Na ce Alhaji bai faɗa ba.

"Bai faɗa ba, ko ba ka tambaya ba? Kai da kake ba mu labarin likitan da ka mayar wa fayil don bai rubuta abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa ba?"

Wata biyu ina binciken kwali, ban yi wa mai shaida tambaya ɗaya ba. Na ɗauki abin da yaro ɗan shekara bakwai ya riƙe daga zancen mahaifinsa, na haɗa shi da zanen da wani ɗan kasuwa ya yi, na ce duka abu ɗaya ne, na yi watsi da su tare. Da ƙaramin ma'aikaci ne ya yi mini haka a ofis da na tsayar da shi.

Matata ce ta buɗe hanya. Ta tuna cewa Hajiya ta taɓa gaya mata, a shekarun da Alhaji ya zo ƙasar nan mahaifinsa ba ya rubuta boko, waya kuma ba kowa ke da ita ba, saboda haka kaset yake aiko masa. Tsohon ya zauna a gaban rediyo ya yi magana har zaren ya ƙare, a ba wani matafiyi ya kawo. Mu ma haka iyayenmu suka yi mana. Ta shiga kicin ta kira Hajiya a waya, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ashe kaset ɗin suna nan a cikin gwangwanin biskit a saman kabad, kuma Alhaji bai ƙara sauraron ko ɗaya ba tun rasuwar tsohon, ya ce ba zai iya jin muryar ba.

Ranar Laraba na koma Sparkhill ba tare da na sanar ba, ɗauke da tsohuwar rediyona mai kaset, wadda matata ta sha cewa in zubar. Alhaji ya buɗe ƙofa ya tsaya yana dubana.

"Na zo ba da haƙuri," na ce. "Abin da na faɗa a kan kwalin ba zan janye ba. Amma na yi wa Baba hukunci ban saurare shi ba, kuma na ɓoye maka abin da ke raina wata biyu. Waɗannan laifina ne. Ina roƙon ka bari mu ji daga bakinsa."

Ya dubi rediyon, ya dubi Hajiya da ke tsaye a bayansa riƙe da gwangwanin tun kafin a tambaye ta. Ya ce, "Ashe an gama shirya mini." Ya matsa na shiga.

Ban san abin da za mu tarar ba. Zai yiwu tsohon bai taɓa ambaton jirgin ba, zai yiwu kuma ya ambace shi yadda zai ƙara dagula lamarin. Kaset na farko gaisuwa ce zalla, ya gaida ɗansa, ya gaida surukarsa, ya lissafo mutanen zango gida-gida, wa ya haihu, wa ya rasu, ya yi ƙorafin gwiwarsa. Muryarsa mai kauri ce, yana yi yana tari, ana jin zakara a bayansa. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya riƙe hularsa a hannu. Na biyu ma haka. Na uku rediyon ta cinye zaren ya tsinke, na ga fuskar Alhaji ta canza. Allah ya sa ba na rabuwa da hantsakina da ɗan siririn salatif na aikin jirage. Na buɗe kaset ɗin a kan tebur, na daidaita bakin zaren biyu, na manne su, na naɗe da fensir.

A cikin wannan kaset ɗin ne, bayan ya yi wa ɗansa murnar samun aikin tuƙin bas, tsohon ya ce:

"In Turawan nan sun yi maka kallon baƙo, ka gaya musu ubanka ya yi musu aiki tun ba a haife ka ba. A Takoradi, bakin teku. Jirgin ruwa yake kawo akwatuna na katako, kowanne ya fi ɗakin nan girma. Mu fasa, sai ga jirgin sama a ciki, gangar jiki kawai, ba fiffike. Fukafukan suna kwance a gefe an naɗe su. Mu taru mu tura shi da hannu har rumfa, ba fiffike, kamar kifi. Makanikan Turawa su ɗaura, mu muna tallafe, muna miƙo ƙusa. A shafa masa farin fenti a baya, wai in ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga abin da ka tura da hannunka ya tashi, ya yi arewa, an ce Kano za shi, daga can ya wuce wajen yaƙi."

Na sa hannu na tsayar da rediyon, domin na san wannan labari. Yana cikin littattafan da ke kan shiryayyena. Ana kawo jiragen yaƙin Ingila a akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su bi ta Kano da Maiduguri su tsallaka zuwa Masar. Har farin fentin na taɓa gani a hoto. Ina yaro a Kano na ji tsofaffi suna zancen jiragen da suke sauka a filin jirgi lokacin yaƙi. Da na yi tambaya ɗaya ranar da aka ɗora kwalin a teburina, tambayar a ina, da Alhaji ya ce bakin teku, da wataƙila ban kai ga fayil da wasiƙa ba. Na gaya masa duk wannan, na ce kowace kalma ta Baba tana da shaida.

Ya share ido da bayan hannu. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Akawu," in ji shi, "ashe Baba ma irin aikinka ya yi. Sai dai nasa kwalin ya fi naka girma, kuma nasa yana tashi."

Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Tun da Akawu ya dawo, bari in ɗora ruwan shayi."

Kwana goma suka rage mana, muka yanke shawarar harhaɗa jirgin Baba na gaskiya, yadda ya faɗa a kaset. Alhaji ya biyo ni Manchester ya tare a gidana. Ina da kwalin irin jirgin da aka fi kaiwa ta wannan hanya, mai inji ɗaya, ban taɓa buɗe shi ba. Muka harhaɗa gangar jikin, muka bar fukafukan a kwance a gefe. Akwatin katakon da 'yan sandunan motsa shayi na yi shi, waɗanda Alhaji ya kwaso a wani shago da sunan yana da baƙi. Mutanen ne suka ba mu wahala, domin duk 'yan gumakan ma'aikatan filin jirgi da ake sayarwa Turawa ne. Na sassaƙe musu dogon wando ya koma gajere, na lanƙwasa hannayensu da ruwan zafi su zama masu turi, na haɗa fenti har sai da Alhaji ya kara ɗaya da bayan hannunsa ya ce ya yi. Farin fentin bayan jirgin shi na bar wa. Yatsunsa na direba ne, ya zarce layi, na buɗe baki zan yi magana ya ce, "Kai kana ganin Baba da rula ya shafa nasa?" Na rufe bakina, kuma har yau ban gyara wurin ba.

Katin na rubuta shi kashi biyu, yadda ake rubuta fayil, yadda kuma malamanmu suke kawo magana da jerin waɗanda suka ji ta. A sama, abin da littattafai suka tabbatar. A ƙasa, abin da wani lebura daga zangon Kumasi ya faɗa da bakinsa, ɗansa ya ji, ni ma na ji a kaset, sannan maganar tsohon kamar yadda ya yi ta. A ƙarƙashin wannan na sa sunana da natsuwa. Faifan kuwa na so a bar shi a gida, Alhaji ya ƙi, ya ce shi ne ya kai mu ga gwangwanin, ba za a yi masa butulci ba. Muka daidaita a kan ya zauna a gefen tebur da nasa katin mai cewa babu shaidar ya taɓa wanzuwa.

An yi baje kolin a wani babban ɗakin wasanni, tebura jere cike da jirage, dattawan Turawa suna zagayawa da tabarau a kan hanci. Ba mu ci kyautar komai ba. Amma mutane sun riƙa tsayawa suna karanta katin har ƙarshe, abin da ba kasafai ake yi ba. Wani dattijo ya sunkuya ya duba ya tambaya ko mun manta da fukafukan ne. Kafin in shirya amsa, jikar nan ta Alhaji mai kaifin baki ta nuna ɗaya daga cikin masu turin da ɗan yatsa, ta yi masa bayani da Turancinta na Birmingham tun daga jirgin ruwa har Kano, ta ce wannan kakan babarta ne. Ban san yadda ta zaɓi wannan ɗin ba, don duk kamarsu ɗaya. Alhaji yana tsaye a bayanta cikin babbar riga. Da aka tashi ya raka ni har tasha, muka tsaya muna gardama a kan farin fentin sai da aka kusa rufe ƙofa.

Yanzu jirgin Baba yana falon Alhaji a cikin gilashi, faifan kuma yana saman firij, inda Hajiya ta ce ƙura kawai yake tarawa. Kaset ɗin duka mun mayar da su cikin waya, yara suna da su. A rajistata faifan yana da lamba kamar kowa, kuma shi kaɗai ne a gurbin shaida na rubuta babu. Har gobe ina kan bakana cewa masu sayar da ƙarya da sunan tarihi ba su kyauta ba, in na ga dama ma zan sake rubuta musu. Amma abin da na koya bai shafi kamfani ba. Na yi daidai a kan kwali, na yi kuskure a kan mutum, kuma daidai ɗin ne ya rufe mini ido daga kuskuren har na kusa rasa amini. Tun daga ranar, in wani ya kawo mini zancen da bai shiga hankalina ba, kafin in tafi ɗakin karatu nakan zauna tukuna in tambaye shi wa ya faɗa, a ina, kuma me ya ce daidai, sannan in yi shiru in saurara har ya kai ƙarshe.